Gilashin Baya na Dama

9 ga Agusta

Zuwa ga 'yata Rumyana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Boyan. Yaya zafin birnin Sofiya? Mu nan lafiya lau. Tumatir ya nuna har ya fi ƙarfina, ƙafata kuma tana nan da halinta. Na ɗauki biro ne maimakon waya don kin san babanki: in na aike shi kurma ne, amma da na ɗaga waya ba abin da ke wuce kunnensa.

Wani abu ya hana ni sakat. Ranar Talata ya tafi gonar inabi da safe kamar kullum, bai dawo ba sai bayan ƙarfe uku, kuma babu gilashin baya na dama a jikin motarsa Lada. Ya ruguje ƙanana-ƙanana kamar tsakin masara, ya cika kujerar baya. Na tambaye shi, ya ce, "Ɓarawo ne mana, tsohuwa. Ina can cikin inabi na ji tas." Na ce to me ya ɗauka? Ya ce bai duba ba. Ni na duba. Kwat ɗinsa na nan, almakashinsa na nan, har burodi da cukun da na ƙunsa masa ba a taɓa ba. Wane irin ɓarawo ne zai sha wahalar fasa gilashi ya tafi hannu Rabbana?

A ƙofar kanti kowa ya zama malami. Mai kanti ya ce zafi ne, wai gilashi in ya tsufa rana kaɗai tana fasa shi. Wani ya ce injin yankan ciyawa ne ya cillo tsakuwa, wani ya ce maharba. Cikinsu kuwa ba wanda ya taka zuwa gonar.

Ga abin da ya fi ɗaure min kai. Da ya shigo da motar tsakar gida, gwiwoyinsa na dukan sitiyari. An turo kujerar gaba sosai, kujerar da shekara talatin ba wanda ya isa ya taɓa ta. Na yi magana, ya ce ni dai ba na rasa abin faɗa.

Yanzu ya liƙe wurin da leda, yana yawo da mayafi a wuya cikin wannan zafin, wai iskar da ta ratsa motar ta kama masa wuya. A nan kam ban ga laifinsa ba, iska mai ratsawa ta kwantar da waɗanda suka fi shi ƙarfi.

Batun ɗakin da kuka ware mana a gidanku, amsata ba ta canja ba. Kin ce in ya sake suma irin ta bara za ki zo ki kwashe mu ba shawara. To bai sake ba. Hawa na tara na benen nan naku ba zai gan ni ba, Rumyana. A gidan nan na goye ki, kuma daga nan za a fitar da ni.

Ki gaida Boyan. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Nevena


17 ga Agusta

Zuwa ga 'yata Rumyana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kun yi idin Maryamu lafiya. Ciwon kan naki ya sauka? Ki rage shan gahawa, na sha faɗa miki.

Jiya muka kai motar wurin Zahari, makaniken nan na bayan tashar jirgin ƙasa mai tara tsofaffin motoci. Babanki ya so ya tafi shi kaɗai, na riga shi shiga mota. Zahari ya samo mana gilashi a jikin wata Lada da ciyawa ta tsiro a cikinta, ya wanke shi ya fito fes. Da ya fara kwance fatar ƙofar, babanki ya ce zai je neman taba. Ni na jawo kujera na zauna, don ban taɓa ganin cikin ƙofar mota ba.

Ashe rami ne, da wani ƙarfe mai haƙora da ke ɗaga gilashi in an murɗa. Zahari ya zuƙe ɓaraguzan da inji, ya ce in aka bar ko kaɗan, ƙofar za ta riƙa kacau-kacau har ranar da motar za ta mutu. Na tambaye shi ko zafi na iya wannan aikin. Ya ce yana iyawa, amma zafi ba ya lotsa ƙarfe. Ya kama yatsana ya ɗora a gefen tagar, na ji lotsawa uku.

Ya ce, "Inna Nevena, ɓarawo ba ya duka uku. Ɗan tsini yake sawa a kusurwa, sau ɗaya, ko kare ba zai farka ba. Wannan kuwa da ƙarfe mai nauyi ya zo, yana ta kuskure. Bai iya sata ba, wallahi, da ni ne ubangidansa da na kore shi."

Na yi dariya, sai ya ƙara wata. Ya tambayi yadda babanki ke ajiye motar a gona. Na ce a gefen hanya, ɓangaren direba na kallon hanya, ɗaya ɓangaren a jikin ƙaya. Ya sosa ƙeya ya ce, "To me ya kai mutum cikin ƙaya, ga gilashi a gabansa? Sai dai in akwai abin da yake gudun ya yanka a kujerar direba."

Rumyana, dariyar nan take ta tsaya min. Na tuna ranar ya dawo da riga a jiƙe, na ɗauka gumi ne. Na tuna mayafin nan ma, ko wanka zai shiga sai ya rufe ƙofa yake cire shi. Ruwa ba ya tsami banza. Da ya dawo daga sayen tabar ya murɗa sabon gilashin sama da ƙasa, ya yaba aikin, bai yarda mun haɗa ido ba.

Ban ce masa komai ba tukuna. Kin san shi, in aka matsa masa sai ya zama dutse. Amma mutum ɗaya ce ke bin hanyar nan da tsakar rana, Ginka mai awaki, kuma gajera ce. Gobe zan kai mata tattasai.

Kada ki tayar da hankalinki, ni ma ban san komai ba, son sani ne kawai irin nawa. Ki gaida mutanen gidan.

Mahaifiyarki,
Nevena


26 ga Agusta

Zuwa ga 'yata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina fata wasiƙar nan ta same ku lafiya. Mu ma da sauƙi. Kwana takwas ina ɗaukar takardar nan ina ajiyewa.

Na je wurin Ginka. Tun daga ƙofa na ga hannunta ɗaure da tsumma, duk ƙaya ta karce mata damtse. Ta dubi tattasan, ta dube ni, ta ce, "Yaya Nevena, rantsuwa na yi ba zan taka gidanku da maganar nan ba. Tunda ke kika tako nawa, zauna."

Ta ce tana wucewa da awakinta wajen ƙarfe ɗaya ta ga motar. Babanki na ciki, kansa a kan sitiyari, bakinsa a buɗe. Ya gaji ne ya shiga ya ɗan huta, ya rufe gilasai ruf don kada iska ta buge shi da gumi a jiki, ya danna makullan ƙofa kamar yadda ya saba. Ta buga, ta kira sunansa, ko motsi. Sai ta zaro turken ƙarfen da take ɗaure akuya, ta kutsa cikin ƙaya ta zagaya baya don kada gilashi ya watsar masa a fuska. Duk da haka wasu sun same shi a ƙeya. Ta ja shi inuwa, ta juye masa ruwan gorarta, ya daɗe kafin ya gane ta. Ita ta tuƙo shi har bakin gari, ashe shekara goma sha biyu ta yi tana tuƙa tarakta a gonar gwamnati. A nan ya ce ta sauka kada a gani, ya sa ta rantse.

Ta ce min, "Da akuyata ba ta tsaya cin ƙayar nan ba, da ta ɗaya hanyar na bi." Na yi mata godiya, na kamo hanyar gida.

Na sami babanki a tsakar gida yana wasa almakashi. Na sa hannu na warware mayafin, bai hana ni ba. Na ce, "Stamen, ɓarawon naka na gaishe ka." Ya ajiye almakashin ya ce, "Don ke na yi, tsohuwa. Ni ko a ina aka ajiye ni zan zauna. Ke ce kika ce hawa na tara zai kashe ki. Kada ki rubuta wa yarinyar nan."

Shekara arba'in da takwas muna tare, ban taɓa jin haushinsa da tausayinsa lokaci guda kamar ranar ba. Gaskiya ya faɗa, ni ce mai bakin. Ni na cika gari da cewa ba inda za ni, shi kuma ya ji, ya ɓoye sumarsa a ƙarƙashin mayafi. Na so in yi shiru, ba zan ɓoye miki ba. Na kalli tumatirina da bishiyar tuffar da ya dasa ranar haihuwarki, na ce a raina wa zai sani? Amma tun ranar, in ya fita ko kanti ne sai in tsaya a bakin ƙofa har ya dawo. Asibiti mafi kusa da mu tafiyar awa guda ce, kuma ba kullum akuya za ta tsaya cin ƙaya ba.

Saboda haka ga shi na faɗa miki, ya sake suma. Makullin motar na cikin aljihun rigata. Ginka ce ke kai shi gona yanzu, yana zaune a gefe yana koya mata tuƙin da ta fi shi iyawa. Na gaya masa zan rubuta miki, kwana biyu bai yi min magana ba, jiya kuma da kansa ya sayo min kan sarki.

Ki gyara ɗakin, Rumyana. Ina son gidan nan, Allah ya sani, amma ba gida na aura ba. Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki zo sai an gama cire inabi. Ki bar shi ya cire na bana da hannunsa.

Ki gaida Boyan, ki ce masa surukarsa tana tafe da surutunta. Allah ya tsare min ku.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Nevena