Katakon Yana Bayan Ƙofa

Mamana,

Na fita da wuri, akwai ƙofofin da zan kafa, ban so in tashe ki ba.

Jiya na yi miki faɗa a kan katakon da kika ɗauko a shagona, har na ce wasan yara kike yi da ƙwayar boris. Ki yi haƙuri. Kin ce gwaji ne na ajin fiziks na manya da za ki shiga bayan dogon hutun nan, ni kuwa hankalina yana kan katakona.

Bayan sallar asuba na ɗora bakinsa a kan bulo yadda kika yi, na saki boris ɗin ina duba agogon waya. Sakan ɗaya, ya gangara ƙafa ɗaya. Sakan biyu, ƙafa huɗu, daidai da abin da kika rubuta. Na ce sa'a ce, na sake har sau biyar da tef a hannuna. Shekara ashirin ina goge katako, bai taɓa gaya mini wannan ba.

Kafin sakan na uku sai boris ɗin ya riƙa faɗuwa ta gefe, don haka na fere masa hanya a tsakiya. Katakon yana bayan ƙofa, ya zama naki.

Amma kada ki auna na ukun sai na dawo. Kin ce ƙafa tara. Ni zan riƙe miki agogon.

Babanki