Hoton da Ka Ɗauka Cikin Kogo

Gangara, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Nafi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da karatunka da sanyin ƙasar Suwis. Allah ya tsare ka, ya ba ka abin da ka je nema, ya maido mana da kai da ƙafarka. Mu nan alhamdu lillahi. Ruwa ya zauna, gero ya kai gwiwa, Kawu Manzo ya gama noman fari. Ƙafar Gwaggo Jummai ta yi sauƙi, har rijiya tana zuwa. To na gama gaisuwa ke nan, don an koya mini a fara da ita, amma ka sani da fushi nake wannan rubutu. A takarda na yi shi, Hawa ɗiyar Kawu za ta ɗauki hotonta da salularta ta tura maka, saboda ka san ni, in na ce zan faɗa da baki sai in ƙare da cewa ba komai. Yau kuwa da komai.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da hotunan yawon bakans ɗinka, wato na hutun makaranta, suka shigo salular Hawa. Ba zan ɓoye maka ba, na so su. Tabkin nan shuɗi kamar an narka bula a ciki, duwatsu da farar ƙanƙara a ka, da ruwan da ke faɗowa daga sama fari fat, ba wanda ya tara masa ko tulu. Na daɗe ina kallo, har a raina na sa wata yarinya cikin ƙaramin jirgin da ke bakin tabkin, na ba ta suna, na ba ta wanda take jira, irin na littattafan da kake mini dariya a kansu. Daɗin ne ya ɗebe ni, ban tsaya na ga na ƙarshe ba, na ja Hawa muka nufi inda Inna take tankaɗe. Ka san yadda muke yi. Kai ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunanka, ba ta tambayar labarinka, ba ta kallon hotonka a gaban mutane. Sai mu zauna kusa da ita, ina nuna wa Hawa da ƙarfi, ina karkata salula, ita kuma tana aikinta tana satar kallo ta gefen ido. Da muka zo kan tabki har na ga bakinta ya motsa. Ina turawa, ina turawa, sai ga ka cikin duhu, dutse sama dutse ƙasa, hular kwano a kanka, fitila ɗaure a goshi, laka a gwiwa, kana washe baki.

Rariya ta faɗi daga hannunta, gari ya zube. Ta tashi ta shige ɗaki.

Yaya, ka manta ne? Hoton ƙarshe da ƙanenka marigayi Audi ya turo mana daga Jado, kafin ramin zinariya ya rufta da shi, ba haka yake ba? Fitila a goshi, duhu a baya, dariya a baki. Shi ma ai ce mata ya yi yana Agadas yana tsaron shago. Kai da ka yi karatu har Turawa suka kira ka, ba ka yi tunanin abin da fitilar goshi take nufi a Damargu ba? A nan ba wanda yake ɗaura ta don nishaɗi. Tun ranar Inna loma biyu take yi ta ture kwano. Tansiyo ɗinta, wato jininta, ya hau, mun kai ta likita, majo mai duba marasa lafiya ya ce ta huta, ta daina tunani, kamar tunani tulu ne da ake saukewa. Ta gaya wa Gwaggo Jummai cewa wancan, kai ke nan, ba wata Turai da yake, burs ɗin, kuɗin karatun da aka ba shi, ya ƙare ya ji kunyar dawowa, ya bi sawun ƙanensa. Na ce to tabkin fa, da ƙanƙarar? Ta ce wa Gwaggo, ba ni ba, wai yaran Jado nawa ne suka turo hotonsu a gaban gidan sama da jar mota, alhali suna cikin rami? Salula tana sa mutum duk inda ya ga dama.

Na yi bayani har na gaji. Na ce mutanen can sukan shiga kogo don su ga abin mamaki kawai, har da mata da tsofaffi. Kawu Manzo ya dube ni ya ce in rage karanta littattafan nan, wane mai hankali ne zai shiga ƙarƙashin ƙasa ya fito hannu wofi? Mun kira ka sau bakwai, ba rezo, wayar ba ta shiga, kana can kan duwatsu. Da Hawa ta rubuta maka cewa Inna ta tsorata, me ka maido? Fuskar dariya guda uku, da cewa kar mu damu. Wallahi da na gani sai na miƙa wa Hawa salularta. Mu muna ɗaga ta zaune don ta sha koko, kai kana turo mana haƙora.

Kuma ko da yawon ne, ni ban wanke ka ba. Ranar da za ka tafi, a zauren Kawu, Inna tana bayan zana tana ji, da bakinka ka rantse cewa ƙafarka ba za ta shiga ƙarƙashin ƙasa ba sai ranar da za a sa ka a cikinta. Ba ka ce ban da na Turawa ba. Ba ka ce ban da mai kyau ba. Ina tsaye da butar shayi a hannu, na ji. Rantsuwar nan ce ta sa ta sake ka. Ni ma ina da laifina, na sani, ni na kai mata hoton, kuma ba na iya haɗa ido da ita. Amma ni ban rantse wa kowa ba.

Yanzu ga inda magana take. Inna ta ɗaure ƙunshinta. Ta ce ranar Juma'a za ta shiga mota zuwa Tanut, daga can Agadas, daga can duk inda aka ce mata ana haƙa. Ta ce lokacin Audi ta zauna tana kunya har aka kawo mata labari, wannan karon ba za ta zauna ba. Kawu ya yi faɗa, ya yi lallashi, liman ma ya zo. Ta saurare su duka, ba ta kwance ƙunshin ba. Ka san hanyar Agadas, ka san abin da take yi wa mai lafiya ma. Majo ya gaya wa Kawu a fili cewa ba ya jin jikinta zai ɗauka.

Don haka ga abin da za ka yi, kuma ba roƙo nake ba. Kafin Alhamis ka ɗauki bidiyo da rana tsaka, a bakin makarantarku, inda mutane ke wucewa suna motsi, don kada ta ce zane ne. Ka ɗaga hannuwanka biyu, ciki da baya, a ga farce, domin Inna ta san hannun mai haƙa, hannun za ta duba kafin fuska. Ka faɗi ranar da ake ciki. Da Kawu za ka yi magana, kada ka kira ta, in ka ce Inna tashi za ta yi ta bar wurin. Ban da faransanci, ban da dariya. Kada ka tsaya yi mana bayanin yadda kogon yake da kyau, ba mu tambaya ba. Ka ce ka shiga, ka saɓa, a roƙa maka gafara wurin wadda ka saɓa wa. Ni zan san inda zan zauna da salular. In Alhamis ta wuce ba mu ga komai ba, to ni ma zan ɗaure nawa ƙunshin, don ba zan bar ta ta hau motar nan ita kaɗai ba, mu je mu bi ramuka muna tambayar mutumin da ke can yana kallon ruwa.

Kawu Manzo yana gaishe ka, ya ce sauran maganar sai ya gan ka. Gwaggo Jummai tana gaishe ka, da Hawa, da Fadimata matar Bashir da jaririyarta. Ka gaishe da abokan tafiyar taka, Allah ya shirye ku gaba ɗaya. Inna tana tsakar gida yanzu haka, ta wanke zanenta na tafiya, tana shanyawa.

Ƙanwarka, wadda ba ta huce ba,
Zuhaira