Akushin Inna da Gizagon Babanka

Zuwa gare ka Yaya Maharazu, inuwar rimin da nake hange daga nesa, ƙamshin ƙasa bayan yayyafin farko, sanyin ruwan randa ga wanda ya dawo daga gona. Sallama a gare ka, da gaisuwa mai yawan ganyen ɗorawar Tafoki.

Ka yi haƙuri da rubutun. Akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko yayata Suwaibatu da muka tashi kan tabarma ɗaya. Ka tuna akushin Inna, Allah ya jiƙanta, wanda ka gyara mani? To duk ranar da Goggo ta tafi unguwa, in na tuƙa tuwo sai in zaɓi malmalar da ta fi sulɓi in sa a cikinsa, in rufe da faifai, in ajiye bakin ƙofa kamar yadda Inna ke ajiye wa Baba. Sai in koma gefe in zauna. Wa nake jira? Kai, wallahi kai! Har tuwon ya huce, in jawo abina in ci ni kaɗai. Ka ga irin abin da kunya ke sa mutum?

Ban sani ba ko kana tuna ranar. Goggo, ƙanwar Baba mai riƙona, ta samu sababbin kwanuka, sai ta mai da akushin abin ba kaji ruwa, rana ta yi ta dukansa har ya tsage. Na naɗe shi cikin mayafi na kawo rumfarka a kasuwar Mairuwa. Ka kife shi, ka bi gindinsa da babban yatsa. Can ka ce, "Wannan saran Babana ne. Shi kaɗai ke barin gindin akushi da kauri haka, wai don ya ga jikoki." Sai ka juya kana neman abin da bai ɓace ba. Wayyo ni! A nan na gane marayu biyu ne suka riƙe icce ɗaya. Ka ɗinke shi da waya, ka shafe shi da man kaɗe har ya koma baƙi wul yana sheƙi kamar idon saniya. Na naɗe shi cikin mayafina na kama hanyar gida.

Ga shi kasuwar da ta wuce ka kashe ni da raina. Kana kaɗe sassaƙe daga rigarka ka ce, "Safara'u, zamani ya bar mu. Wace yarinya za ta dubi mai gizago, alhali kowace mota kwano mai fure take saukewa?" Ka ce za ka tafi Kaduna aikin masaƙa, gizagon Babanka kuwa Lawwali maƙeri za ka bar wa ya buge shi fartanya. Ka yi dariya. Ni kuwa yatsun ƙafata nake kallo. Ga amsar nan yau: ni ce yarinyar! Ni ce, ya hasken idona, ni ce!

Bari in ba ka labarin kwano, tunda shi ke korar ka. Da hutun makaranta na je wa Suwaibatu kwana a garin Sabuwa. Ɗakinta, masha Allah! Jeren kwanuka tun daga ƙasa har rufi, ja da kore da ruwan ƙwai, mata na shigowa suna tafa hannu. Amma ko ɗaya ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Mijinta na can kudu yana tuƙin tanka tun da kuɗin man fetur suka ɗauke samarin garin. Kullum da hantsi takan sauke su ta goge ta mayar. Na tsaya a bayanta na ga fuskarta a kan kowane murfi, fuskoki birjik, kuma kowace ita kaɗai ce. Ɗaya ya suɓuce ya faɗi, fentin ya ɓalle, kafin in taho tsatsa ta fara ci. Wa zai kife shi ya ce ga hannun wane? Wa zai ɗinke shi? Na fita bayan rumbu na yi kuka, ta ɗauka kewar gida nake yi.

Goggo ta riga ta fara tara mani nawa a ƙarƙashin gado, don ranar da zan gama makaranta. Da na ce mata ba na son da yawa, sai ta riƙe haɓa: "Oh ni! 'Yar boko da son kayan tsofaffi! Sai ki shiga ɗaki da akushi ɗaya kamar mai takaba, a yi da mu har Ƙanƙara?" Na san don ƙauna take yi, ba ta so a ce marainiya ce aka yi wa jere rabi. Zan lallashe ta a hankali. Amma ni ɗakin da nake mafarki ba shi da yawan kaya. Akushin nan, da randa ɗaya ta hannun tsohuwar nan mai ginin tukwane a garin Ketare, wadda ruwanta ke ƙamshin ƙasa. Faifai ni zan saƙa, na iya. Sai muciya da turmi daga hannunka, waɗanda za su tsufa tare da mu, in ɗauka in san wa ya yi gumi a kansu. Sauran filin a bar shi, iska ta shiga, mutane su zauna.

Littattafan soyayyar da muke miƙa wa juna a ƙarƙashin tebur a makaranta cike suke da masu kawo zobe da furanni. Na karanta su har sun yage, ban ga mutum ɗaya a ciki wanda ya gane hannun ubansa a gindin akushi ba. To me zan yi da su, ina da kai? Ina da kai ɗin ma kuwa? Ka ga, ko wannan ban sani ba.

Ba zan hana ka tafiya ba, wace ce ni? Abu ɗaya nake roƙo, don Allah, don darajar wanda ya koya maka: kada gizagon nan ya shiga wutar maƙera. Ka sa shi a ƙasan akwatinka ka tafi da shi. In birni ya gajiyar da kai, icce na nan a dajin Faskari, ni ma ina nan. Damina ta zo ta wuce, rafi ya cika ya ƙafe, ba namijin da zai ci tuwo a akushin Inna sai kai.

Na so in cusa takardar nan cikin matashin kai kamar 'yan uwanta da na rubuta a baya. Amma gobe kasuwa, motar Kaduna kuma ba ta jiran mai kunya. Zan sa ta cikin akushin in rufe da faifai, in kawo maka da hannuna. In na kasa ɗaga kai, kada ka tambaye ni me ya tsage. Ka buɗe kawai.

Taka, yau da gobe da ranar da ka dawo,
Safara'u