Ruwa Ake Nema, Ba Mai Ba

Ƙanina Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aikin rijiyoyin mai a can Kudu? Ya Hadiza da yara? Mu nan Jos lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Rijiyar burtsatsen masallacinmu ta daina kawo ruwa. Na ce wa kwamiti yashi ne ya toshe ta, a samo kwampreso, injin hura iska, a hure ta, kamar yadda muke wanke rijiyar mai idan ta toshe. Shugaban kwamiti ya kwashe da dariya ya ce, "Malam Audu, ruwa fa ake nema, ba mai ba." Ni da na yi shekara ashirin ina farfaɗo da rijiyoyi!

Suka kira masu haƙa sabuwa, kwana huɗu ana fama da dutse, ko ɗigo babu. Shekaranjiya na aro kwampreso wajen masu fasa dutse a Kuru, na hure tsohuwar rijiyar, kafin la'asar ruwa ya ɓalle. Jiya bayan Juma'a liman ya yi ta sa wa shugaban kwamiti albarka, wai saboda hangen nesansa.

Ka gaida abokan aiki. Ka roƙa mini haƙuri wajen Allah, domin kullum da ruwan nan nake alwala, kuma kafaɗa da kafaɗa muke salla da mutumin.

Yayanka,
Audu