Kan Burtun Baba Ɗanjuma

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Tudun Wada. Na gama haɗa kaya. Doguwar lens ɗin kyamara mai milimita 600, maɗorin kyamara mai ƙafa uku, batir biyu. Gajerar, mai 70 zuwa 200, na jefa ta ne kawai don jakar ta cika, ta ɗaukar amare ce. Gasar hoton namun daji ta ƙungiyarmu za a rufe ranar Lahadi, kuma a gaban kowa na ce zan kawo hoton gada, bayan Umar mai situdiyon bakin kasuwa ya ce iyakar dajina rumfar biki. Idan na dawo hannu rabbana, gara in daina zuwa taro.

Matata Hanatu ta nace sai na tafi da kawunta na Bungudu, Baba Ɗanjuma, wai tsohon maharbi ne. Mutumin da ko hoton fasfo sai an riƙe masa kai. Na yarda don a zauna lafiya a gida.

Talata, 5 ga Nuwamba

Fadamar 'Yandoto, Tsafe. Saitin kyamara: saurin shota ɗaya bisa dubu, buɗewa 6.3, ISO 800 saboda rana ba ta ɗaga ba. Duk yadda littafi ya ce. Kafin in kafa ƙafafun, zabin daji sun watse. Tsohon yana tsugune yana cin goro, ya ce farar rigata da ƙyallin gilashin ne suka kore su. Ji mai ba da shawara! Ya ma kira lens ɗin "turmi". Wannan turmin babur ɗina na sayar na saya.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Hoto ɗari biyu da goma. Ciyawa, ciyawa, da wutsiyar wani abu.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Mun koma ɓangaren Bungudu, gindin dutsen Kwatarkwashi, inda tsohon ya ce gada na saukowa cin ragowar wake da sassafe. Ba mu yi nisa da gari ba, kowa ya san halin da daji ke ciki.

Sai ya kwance wani tsumma ya fito da kan burtu: itace da aka sassaƙa, an manna masa baki da jar fata a maƙogwaro, da igiyar ɗaurawa a goshi. Wai in ɗaura, in yafa baƙin zane, in yi rarrafe ina sunkuyar da kai kamar tsuntsu mai kiwo. Ni, Sabiru, da na yi kwas ɗin wata shida a Kaduna.

Ya ce, "Ɗana, naman daji ba kusa shika tsoro ba, mutum tsaye shika tsoro."

Na ce masa ai don kada mutum ya ja ciki aka ƙera milimita 600. Sai ya naɗe kayansa. Gadar ta fito, na gani da idona, ta ɗaga kai sau ɗaya ta shige. Abin da na samu ɗigo ne mai ruwan ƙasa, na ƙara girmansa ya tarwatse.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Na ɗaura. Ba wanda zai ji wannan daga bakina.

Warin tsohon gumi, gwiwa duk ƙaya. Amma na ƙi sakin doguwar, ina jan ta kamar mai jan rago. Abin haushin shi ne dabarar ta yi aiki. Gadar ta dube ni ta ci gaba da kiwo, har na zo taku biyar da ita. Na ɗaga kyamara, lens ta ƙi kama komai, kusa ta yi mata yawa. Da na ja baya ta kama, kunne ne kaɗai ya cika hoton. Ƙarar shota ɗaya, shi ke nan, ta arce.

Tsohon bai yi dariya ba. Da ya yi da na ji sauƙi. Tambaya kawai ya yi ko ba ni da ƙaramin turmi.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Lens ɗin amare, a 135. Shota marar ƙara, ɗaya bisa ɗari biyar, buɗewa 4, ISO 1600. Kan burtu a goshi, taku takwas da ita. Raɓa a hancinta, ganyen wake a bakinta, idonta tar. Na ɗauka, muka fito titi. Na nuna masa a bayan kyamara, ya daɗe yana kallo, ya ce shekara arba'in yana kusantar su bai taɓa tsayawa ya ga gashin idonsu ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na miƙa hoton a gasar. Umar ya juya hoton sau uku, ya tambayi ko da doguwar ce. Na ce masa ya karanta takardar shiga gasar.

Har yanzu ina nan a kan bakana, tsohon bai san komai game da hoto ba. A gurbin kayan aiki na rubuta kyamara da lens, sai layi ɗaya ya rage, ni kuma ba na son barin gurbi. Na rubuta: kan burtu, na Malam Ɗanjuma, Bungudu.

Na wanko kwafi biyu. Takarda ce ta yi saura. Jibi zan kai masa ɗaya, da goro.