Rijiyar da ta zama kabarin ƙanena

Zuwa ga Injiniya mai kula da aikin rijiyoyi a ƙasar Gumel,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mai unguwa ne a wani ƙauye arewa da Sule Tankarkar. Na rubuto ta jarida ne domin na yi ta zuwa ofishinka, kullum masinja ya ce kana rangadi.

Na farko. Bayan farin da ya cinye mana dabbobi, aka ba wani ɗan kwangila ginin rijiyarmu. Mun yi murna, mu muka riƙa ɗauko masa ruwan kwaɓi a kan jakuna daga nesa. A gabanmu ake zuba zoben kankare, yau a zuba, gobe a zura shi rami bai gama bushewa ba. Yara kan kankare gefensa da farce, yashi ya zubo.

Na biyu. Mai duba aiki da ka aiko ya zo ne bayan an ɗaure bakin rijiya an shafe shi sumul. Ya leƙa daga sama, ya sha ruwan guga, ya ce ya yi daɗi. Bai sa an sauka ba, bai ƙwanƙwasa ko zobe ɗaya ba. Na faɗa masa abin da muka gani, ya ce siminti ba aikin mai unguwa ba ne.

Na uku. Da damina ta wuce, ruwan ya soma zuwa da yashi. Ƙanena Habu, wanda ya saba yasar rijiya, ya ɗaura igiya ya sauka. Muna riƙe da igiyar muka ji rugugi, ƙura ta taso. Mun yi ta tono har hannuwa suka fashe, ƙasa tana ƙara ruftawa. Daga ƙarshe liman ya ce a bari. A bakin rijiyar muka yi masa salla, muka cike ta. Ya bar mata da 'ya'ya ƙanana.

Yanzu matanmu sun koma tafiyar ruwa tun asuba. Gidaje suna ta tashi, wasu Maigatari, wasu sun tsallaka Damagaram. Na ji kuma ɗan kwangilar nan yana haƙa wata a wajen Gagarawa.

Ga roƙona. A gwada zobe kafin a zura shi. Mai duba aiki ya zo tun ana kwaɓi, ya dawo ana zurawa, ya sauka ciki da kansa kafin ya sa hannu. A tsayar da aikin Gagarawa har a duba shi.

Ba na sa ran amsa, ranka ya daɗe. Mu tamu ta ƙare, ko an sake haƙa mana, ban san wa zai rage ya sha ba. Mutanen Gagarawa nake ji.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare 'ya'yanka daga irin wannan rana.

Wassalam.

Mai unguwa Ɗanladi