Kakar Tumaki Ta Kama Ba Na Gida

Ɗana Habibu,

Gaisuwa mai yawa, ya iyali? Nan Alƙahira ƙanwarka da jaririyarta lafiya lau, mijinta na mura, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya.

Jiya aka kora tumaki ta ƙasan benenmu, sai na ƙirga watanni. Ashe kakar tumaki ta kama, yadda babanku ke kiran lokacin haihuwarsu. Farar tunkiyata tana ƙin ɗanta, haka muka rasa na bara. Da ta haihu ka barbaɗa masa gishiri ta lashe shi, ka riƙe ta ya sha nono. A waya "to, Inna" kawai kake cewa, shi ya sa na rubuto da hannuna.

Ka gaida Hajara, ku sa mu a addu'a. Mai kawo wasiƙar zai juyo ranar Alhamis. Ka ba shi amsa kafin nan: ta haihu ko da saura?

Innarka